Gyaran gida saboda maguna da tattabaru kafin in sauka

Asabar, 4 ga Oktoba 2025

Yau muka fara aikin, na ce bari in riƙa rubutawa saboda kar lissafin kuɗi ya ɓace mana, kuma ko wata mai irin halin da nake ciki za ta amfana. Gidan namu nan Hayin Dogo yake a Samarun Zariya, ɗaki uku da falo da kicin sai ɗan tsakar gida da bai taka kara ya karya ba, a ciki akwai mu da yara biyu da maguna biyu, Toka da 'yarta Madara, sai tattabarun babban yarona da suke kwana cikin kwalaye a saman sito. Ina da ciki, ana sa ran sauka cikin Janairu in Allah ya kai mu, kuma tun da cikin nan ya fito duk wanda ya shigo gidan maganarsa ɗaya ce, a fitar da magunan nan. Ni kam ba zan fitar da su ba. Toka a hannuna ta tashi tun idonta bai buɗe ba, kuma tun da take gidan nan buhun masara yana shekara a sito ɓera bai taɓa shi ba. Abin da na yarda da shi dai gidan ne ba tsari, kowa na shiga wurin kowa, mage ta kwana kan sallaya, tattabara ta yi kashi kan shanya, ga kafet ɗin falo da ko an wanke shi sai ya riƙa tashi.

Abban yara ya ce zai iya fitar da N250,000 a hankali, ni kuma na ɗauki adashi N80,000. Da su muke so a rufe barandar bayan kicin ta zama ɗakin maguna, a yi wa tattabaru ɗaki na gaske, a ɗauke kafet, in kuɗi ya ragu a taɓa kujeru.

Laraba, 8 ga Oktoba

Kafin a buga ƙusa ko ɗaya mun kai magunan asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), tunda ga shi kusa da mu. An yi musu allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ake maimaitawa duk shekara, an ba su maganin tsutsar ciki da na ƙuma, duka N18,000.

Amma abin da ya fi kai ni shi ne tambaya kan cutar nan da ake tsorata masu ciki da ita, toksoplasma. Likitan ya zauna ya min bayani a natse, ya ce a kashin mage ƙwayar take fita, ita kuma magen tana ɗauka ne in ta ci ɓera ko ɗanyen nama, kuma 'yan makonni kawai take zubar da ita bayan kamuwar farko. Sannan ƙwayar ba ta kama mutum nan take, sai kashin ya kwana, tsakanin kwana 1 zuwa 5. Ke nan in ana kwashewa kullum, kuma ba ni ke kwashewa ba, an rage haɗarin sosai. Ya ce in fi sa ido ma kan tsiren da bai gasu ba da latas da kabejin da ba a wanke da kyau ba, don ta nan ma mutane ke kamuwa ko ba su da mage. Ya ja min kunne kan abu biyu, kar in kuskura in ba mage farasitamol ko da gutsure ne domin yana kashe su, kuma maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin guba ne gare su. Wallahi da yawa a unguwa ba su san wannan ba, mage na rashin lafiya sai a jiƙa mata maganin mutane.

Daga yau kwasar kashi ta koma hannun Abban yara da babban yaro.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Baba kafinta ya zo ya auna. Barandar taku goma ce a tsawo, faɗinta kamar huɗu, za a rufe ta da katako da ragar waya daga ƙasa har silin, da ƙofa ta tsakar gida, sai a jera falanki a bango hawa-hawa tunda mage ta fi son sama, in ta samu inda za ta hau ta leƙa ƙasa ba ta damuwa da saman firij da kan kwaba. Wurin kashi likita ya ce a yi uku ga mage biyu, wato kowace da nata a ƙara ɗaya, kuma a nesanta shi da kwanon abinci don ba sa son ci kusa da inda suke bayan gida. Ɗakin tattabaru kuma can ɗaya kusurwar, a kan ƙafafu, nesa da igiyar shanya.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Abban yara da Baba sun shiga kasuwar Sabon Gari da safe kafin masallaci. Katako tu-bai-tu 14 a kan N1,800, falanki 5 a kan N5,500, ragar waya yadi 12 a kan N2,500, ƙusa da hinji da sakata N9,000, manyan robobin wanki uku marasa zurfi N10,500, mai keke napep da ya ɗauko kayan har ƙofar gida N4,000. Ya kama N106,200. Kuɗin aikin Baba mun daidaita a N35,000, an ba shi rabi. Yashin da ake sayarwa na musamman a manyan shaguna ba namu ba ne, tsadarsa ba ta ɗorewa, yashin rafi muka saya baro ɗaya N2,500 za a riƙa tankaɗewa ana shanyawa.

Talata, 21 ga Oktoba

An kafa ginshiƙai an ja raga gefe biyu. Hadari ya haɗu da la'asar aka kwashe kaya, ɗan yayyafi kawai aka yi, da alama damina ta yi sallama.

Asabar, 25 ga Oktoba

Yau raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Na je awo jiya na dawo a gajiye ban leƙa baya ba, ashe Baba ya sa yaronsa ya shafe falanki uku da baƙin mai saboda gara, ya jingine su su sha iska. Da asuba na fito alwala sai na ji gidan duk warin gareji, ina haska tocila na ga sawun ƙafa baƙi ƙirin tun daga baranda har ƙofar falo, ga Madara a rakuɓe bayan randa tana lasar ƙafarta, farin gashinta na ciki duk ya yi dabbare-dabbare. Hankalina ya tashi don na san mage duk abin da ya taɓa jikinta sai ta lashe, kuma baƙin mai ba abin shiga ciki ba ne. Na kira likitan tun bai gama karyawa ba, Allah ya saka masa da alheri ya ɗauka, ya ce kar a sa kalanzir ko fetur, a shafa mata man gyaɗa a ƙafafun ya narkar da shi sannan a wanke da sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi, a tsane ta sosai kar sanyi ya kama ta, in ta fara amai ko dalalar da miyau ko ta ƙi abinci a kawo ta. Abban yara ya naɗe ta da tsohon tawul ya riƙe, ni ina wanke ƙafa ɗaya bayan ɗaya har tsakanin yatsu, tana kuka tana fizga, ruwan roba ya koma baƙi muka sake wani har ya fara fitowa fes.

Da Baba ya iso na ce masa, Baba ai da an tambaye ni, wannan wurin kwanciyarsu ne fa. Ya ce, Hajiya wallahi alheri na nufa, garar Samaru ba ta barin katako, shekara ɗaya za ki ga ya zama gari. Gaskiyarsa ce ta wani gefen, amma katakon da ya sha baƙin mai ba ya wankuwa, ko an goge zafi na yi zai sake tsattsafowa. Mun tsaya a kan falankin nan uku su koma ƙafafun ɗakin tattabaru ta ƙasa inda ba mai taka su, a sayo wasu, shi ya ɗauki ɗaya mu biyu, N11,000 ke nan da ba ta cikin lissafi. Maganin gara kuma a ɗaga katakon daga ƙasa a kan ɗan dakalin siminti, a bar shi ba fenti ba komai, a goge shi da sanfefa kawai.

Madara ta ci kifi da yamma, ba amai. Alhamdulillahi.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Hajiya, mahaifiyar Abban yara, ta zo daga cikin birni ta wuni. Ta zagaya ta duba aikin ba ta ce komai ba sai da muka zauna cin abinci, ta ce, 'yar nan ni ba ƙazanta nake ji ba, kowa ya san Annabi (SAW) ya ce mage ba najasa ba ce, abin da nake tsoro hunturu ne, jariri ɗumi gare shi ga warin nono, mage za ta hau ta kwanta masa a fuska kina barci. Na ce Hajiya wannan gaskiya ne, kuma ban da amsarsa sai ƙofa. Nan take muka ƙara aiki, za a yi wa ɗakina ƙofar raga ta biyu mai sifirin da ke rufe kanta, iska ta shiga mage ba ta shiga ba, kuma tun yanzu za a hana su ɗakin don su saba kafin a haihu, kar su haɗa korar da zuwan jariri. Baba ya ce N22,000 da kaya da aiki.

Ita ce kuma ta kawo shawarar da ta fi kowace daɗi. Ta ce marigayi Alhaji a gidansu na Ƙofar Doka tukwanen ƙasa yake kwantarwa a gefe ya jera wa tattabaru, kowace biyu da tukunyarsu, da zafi akwai sanyi da sanyi akwai ɗumi, kuma ƙwai ba ya gangarowa. Yaron nan har tsalle ya yi. Da za ta tafi ta kalli ɗakin tattabarun ta kalli na maguna ta ce a dai ƙara nisa, ba a ba kura ajiyar nama.

Litinin, 3 ga Nuwamba

An ɗage kafet. Abin da ke ƙarƙashinsa ba ya faɗuwa, gashi da ƙura da tabon fitsari tun Toka na ƙarama, ashe shi ya sa ko turare nawa na sa falon ba ya ɗauka. Simintin ƙasan ya farfashe don haka ba maganar shimfiɗa leda, farce zai yaga ta ma cikin wata guda, dole tayil. Na zaɓi mai ɗan kaushi ruwan ƙasa, ba mai sheƙin nan da ake yayi ba, saboda mai santsi ko ruwa kaɗan ya zuba ni da cikin nan ina iya zamewa, su ma magunan in sun yi gudu ba sa samun riƙo, sannan ruwan ƙasa yana ɓoye gashin Toka da na Madara duka da ƙurar hunturu. Katan 14 a kan N7,000, siminti buhu 4 a kan N10,000, mai tayil N30,000. Kuɗin da muka ware sun ƙare tas har da ɗoriya. Na aika Shika a sayar min da awakina biyu da ke kiwo a can.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Kuɗin awaki sun zo, N130,000. Mai gyaran kujeru ya kwashe doguwar da ƙanana biyu. Tsohon yadinsu mai saƙa ne da zare a waje, shi farce ke kamawa ya ja, hannun doguwar kujerar har soso ya fito. Leda ma ba ta yi, huda ɗaya ta isa. Karammiski na zaɓa mai gajeren gashi kalar toka, tunda ba shi da madaukin zaren da farce zai shiga, yadi 16 a kan N3,500, aiki N25,000. Labulen falo kuma na kai wa tela ya rage su su tsaya daidai taga, masu jan ƙasan nan su ne lilon Madara.

Yaƙushi dai ba a hana mage shi, da shi take zubar da tsohon ɓawon farce kuma take miƙe jiki, sai dai a ba ta inda za ta yi. Baba ya kafa ragowar katako mai kauri a kan faifan falanki, tsayinsa ya kai ƙuguna, muka naɗe shi da igiyar rama ta N3,000 tam-tam ba tazara, aka ɓoye ƙusoshin ta baya. Na ajiye shi daidai inda hannun kujerar yake da. Toka ta zo ta shinshina, ta zagaya, ta tafi abinta, can bayan magariba ta dawo ta miƙe a kan ƙafafun baya ta kafa farce can sama ta ja jikinta ƙasa har bayanta ya lanƙwashe, igiyar na ƙara kar kar, da ta gama na tsinci ɓawon farce guda siriri fari a gindin. Za a yi na biyu a baranda.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Tukwane 8 sun iso, N1,200 kowace. An jera su, tattabaru sun tare. Maguna sun fara kwana a baranda, daren farko kuka har wajen sha biyu, yanzu sun yi shiru.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Mun tashi da asara. Cikin dare muka ji fuka-fuki da kokawa, kafin Abban yara ya buɗe ƙofa abin ya haura katanga, wani jan muzuru ne da ke yawo a layin nan ba mai shi. Ya kashe tattabara ɗaya da ke kan ƙwai, ya tafi da ɗan shila guda, ƙwan biyu sun fashe a bakin tukunya. Kwana 17 zuwa 18 suke yi kafin su ƙyanƙyashe, kuma yaron yana ta ƙirgawa a bayan littafinsa na makaranta. Ya zauna bakin rariya da gawar a hannu ya ƙi karyawa, abin da ya fara tambayata shi ne, Umma ba su Toka ba ne ko? Na kai shi ya ga sakatar baranda a kulle su biyun suna ciki, sannan ya yarda ya sha koko.

Da gari ya waye muka duba ta inda ya shiga. Tsakanin kwanon rufi da katakon sama akwai tazarar da ba ta fi faɗin tafin hannu ba, ragar wajen kuma mai laushi ce irin ta kaji, ya tura kai ya lanƙwasa ta, kuma mage duk inda kanta ya wuce jikinta zai bi. Daga katanga ya diro kan rufin, don ɗakin ya matsu da ita sosai. Baba ya ce shi kaji ya saba yi wa akurki, bai kawo muzuru zai biyo ta sama ba. Mun kira mai walda, za a zagaye ɗakin da ragar ƙarfe mai ƙananan ido wadda ba ta lanƙwasuwa, a toshe saman da langa-langa, a ja ɗakin gaba ya rabu da katanga, ƙafafun kuma a naɗe su da kwano mai santsi don ko ɓera kar ya hau. N28,000. Kafin a gama tattabarun suna kwana a sito cikin kwando.

Wani maƙwabci ya ce a sa wa muzurun guba a kan kifi, Abban yara ya ce a'a, ba halinmu ba ne, kuma gubar da aka ajiye ba ta zaɓen wanda za ta kashe, ga yara ga kajin mutane.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Hunturu ya sauka sosai, da safe ko hasumiyar masallacin layinmu ba a gani da kyau. Mai walda ya gama, ƙofar ɗakina ma an kafa. Kujeru sun dawo, falon ya yi kyau wallahi, da tsumma mai laima ake share gashi daga karammiskin ya tattaru wuri ɗaya.

Na zauna kan maganar fulawoyi. Karya da ke bakin ƙofa mai jan furen nan, ruwanta guba ne, haka mai faɗin ganye mai ɗigon fari da aka ba ni kyauta, in aka tauna ta baki da harshe ke kumbura, alobera ma tana sa su amai da zawo. Ba don maguna kaɗai ba, nan da baɗi akwai mai rarrafe. Na ba ƙanwata su duka ta kai gidanta da ba yara, alobera kaɗai na bari a saman katangar banɗaki. A madadinsu na shuka alkama a tsofaffin kwanoni biyu, cikin mako take fitowa kore shar, suna son tsinkar ta kuma ba ta cutar da su. Piya-piya an daina shi a gidan nan gaba ɗaya, gidan sauro da ragar taga sun isa. Turaren wuta kam ba zan iya bari ba, amma a ɗakina nake sawa ƙofa a rufe, kasko ba ya zuwa kusa da baranda ko tattabaru, tsuntsu ba ya jure hayaƙi.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Ƙofar baranda ta kama ciza, katakon ɗanye ne iskar hunturu ta busar da shi ya karkace, sakata ba ta shiga sai an ɗaga. Baba ya zo ya fere ya matsar da hinji bai karɓi komai ba. Na rataya tsohon bargo a gefen da iska ke bugowa, na sa musu kwali da tsummoki a falankin sama, can suke dunƙulewa su biyu. Yashi ana canzawa duk mako, robobin a wanke da ruwan zafi da sabulu kawai, ban da maganin banɗakin nan da ke yin fari in an zuba shi a ruwa, likita ya ce irinsa yana musu illa. Kashin tattabaru yaron yana tarawa a buhu, wani mai lambu a bakin Galma ya ce zai saya.

Asabar, 6 ga Disamba

Na haɗa lissafi, mun kashe kusan N485,000, Abban yara ya cike abin da ya hau. Tattabaru biyu sun sake yin ƙwai a tukwanen sama, muzurun ya dawo an ga sawunsa a kan langa-langa amma bai samu hanya ba. Maguna sun daina zama bakin ƙofar ɗakina, sai dai Madara da ke gwada sa hannu ta ƙasan ragar, za a buga siririn katako a wurin.

Abin da ya rage, na farko murhun wankan jego. Hajiya ta ce a tsakar gida za a kafa tukunyar, ni kuma na san da sanyin nan duk inda toka mai ɗumi take can maguna za su, don haka magini zai ja ɗan bulo layi biyu a kusurwar rariya a yi masa murfin kwano, ya ce siminti buhu ɗaya da bulo 20 sun isa. Sai ranar suna, gidan zai cika da mata da yara ana buɗe ƙofofi, na ce a sayo kwaɗo a sa wa baranda da ɗakin tattabaru, makullin a hannun babban yaro. Madara kuma ta isa ɗaukar ciki, kuma mage wata biyu da 'yan kwanaki take yi ta haihu, in aka yi sake sai mu tashi da jego biyu a gida ɗaya. Ranar Litinin Abban yara zai biya asibitin ABU ya tambayo kuɗin aikin hana ta haihuwa da ranar da za su iya karɓar ta, muna so a yi kafin ƙarshen wata don ta warke tun ina da ƙarfin kula da ita.